Ƙunar jiki ta warke amma warin fetur na sa shi rawar ɗari: ina matsalar take?

Chew_Taura:
Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Tambaya gare ni, ina so waɗanda suka san ɓangaren ƙwaƙwalwa su buɗe mana ita sosai. Tun gobarar tankar man nan ta garin Majiya da ke jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka sama da 150, akwai waɗanda ƙunar jikinsu ta warke, wasu ma wutar ba ta taɓa su ba, amma har yau ba su dawo daidai ba. Mutum ya wuce ta gaban 'yan bumburutu ya shaƙi warin fetur, sai jiki ya ɗauki rawa, gumi ya keto masa. Ya daina bin titin, ya daina cin kasuwa, dare ya yi ba barci, in ya samu ya runtsa ya farka da ihu. A gida wasu su ce iska ce, wasu su ce raunin tawakkali ne, mai kemis kuma ya miƙa masa ƙwayar barci. Me ke faruwa a cikin kan mutumin nan? Mu kuma da ke ƙaramin asibiti, ba likitan ƙwaƙwalwa kusa, me za mu iya yi masa?

Likita_Kazaure:
Wa alaikumus salam. Abin da ka zayyana shi ne ciwon firgici na bayan masifa, wanda a takardun asibiti za ka ga an rubuta PTSD. Sassa uku na ƙwaƙwalwa ne ke cikin maganar.

Akwai amigdala, 'yan ƙanana guda biyu, ɗaya a kowane gefe, can ciki saitin kunne. Aikinta hango haɗari. Da ta hango sai ta aika saƙo, ƙullutun da ke saman ƙoda su zubo sinadarin adirenalin cikin jini a 'yan daƙiƙu: zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama, jini ya koma ga tsokar hannu da ƙafa, baki ya bushe. Kotisol, wani sinadarin da ƙullutun nan ke fitarwa, ya biyo baya a 'yan mintuna. Duk wannan yana faruwa kafin mutum ya yi tunanin komai. Sai hifokamfas, wanda ke ajiye abin da ya faru tare da wurinsa da lokacinsa, wato shi ke cewa a Majiya ne, da daddare ne, kuma ya wuce. Na uku ɓangaren da ke bayan goshi, mai auna abu ya tsawatar wa amigdala cewa wannan galan ne kawai a bakin hanya.

A lokacin razana mai tsanani, amigdala na aiki fiye da kima, sauran biyun kuma ƙarfinsu ya ragu. Sai abin ya ajiyu a gutsure: wari daban, zafi daban, ihun mutane daban, babu tambarin cewa ya wuce. Shi ya sa in gutsure ɗaya ya taso, jiki ke amsawa tamkar yanzu wutar ke ci. Wari kuwa ya fi sauran saurin tayar da shi, domin jijiyar shaƙa tana da hanya kai tsaye zuwa amigdala, ba ta bi ta zangon da gani da ji ke bi. Bahaushe ya riga ya faɗa, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

MalaminIslamiyya_Ringim:
Likita, Allah ya saka da alheri. Zan taɓa maganar tawakkali, don a nan ake cutar da bayin Allah. Annabi Yaƙub, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni. In ka ce wa wanda ke farkawa da ihu ai ba ka yarda da ƙaddara ba ne, ka ɗora masa kunya a kan ciwo, gobe ba zai sake faɗa wa kowa ba. Addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani babu mai hana su. Abin da za a hana shi ne duka da sunan fitar da aljani, da ɗaurewa, da turara hayaƙi a rufaffen ɗaki. Ku duba fa, mutumin da ya tsira daga wuta a kulle shi da garwashi da hayaƙi, dole ya yi ta fizge-fizge, sai a ce ga aljanin ya bayyana.

Nas_Gumel:
Allah ya gafarta malam, wannan magana taka a kai ta mumbari. A kan ɗaurewa kuma, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai ciwo haƙƙin kada a wulaƙanta shi ko a azabtar da shi. Sarƙa a ƙafa ba magani ba ce.

Dalibi_Saikoloji:
Likita, ina neman izinin ƙara abu biyu. Ana yawan cewa kotisol yana nan a sama kullum a jikin mai wannan ciwo, amma bincike da dama ya samu nasu daidai da na kowa, wasu ma ƙasa. Don haka gwajin jini ba ya tabbatar da ciwon. Na biyu, gaskiya ne hoton ƙwaƙwalwa kan nuna hifokamfas ɗinsu ya ɗan fi na sauran mutane ƙanƙanta in an haɗa jimilla, amma nazarin da aka yi a Amurka a kan tagwaye, ɗaya ya je yaƙin Biyetnam ɗaya bai je ba, ya nuna in wanda ya je ya kamu da ciwon, wanda bai je ba ma nasa ƙarami ne. Ke nan wataƙila da shi aka zo, shi ya sa ciwon ya fi saurin kama su. Kada mu ce wa mara lafiya ƙwaƙwalwarka ta lalace.

Likita_Kazaure:
Daidai ne ƙanena. Kuma kada a tura talaka ɗaukar hoton kai saboda wannan, kuɗinsa kawai zai ƙare. Da baki ake gano shi. Ka tambayi abu huɗu: abin yana dawo masa a mafarki ko ido biyu? Yana kauce wa wuri ko mutane ko zancen? Kullum a ɗarare yake, ƙaramin motsi ya zabura, ga saurin fushi? Zuciyarsa ta dushe, yana zargin kansa, ya janye daga iyali? In waɗannan sun wuce wata ɗaya kuma sun hana shi noma ko sana'a, to shi ne. Ƙasa da wata ɗaya ba a sa masa wannan suna, domin yawancin mutane da kansu suke farfaɗowa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce kusan kashi 70 cikin 100 na mutane kan haɗu da masifa irin wannan a rayuwa, amma kashi 5.6 ne kawai daga cikinsu ciwon ke kamawa. Ya fi yawa bayan fyaɗe da yaƙi.

MaiKemis_Hadejia:
Tunda an ambaci kemis bari in yi magana. Mutum ya kwana biyar bai runtsa ba, ya zo yana roƙo, a ce kada a ba shi ƙwayar barci ta diyazifam ko ta kwana uku? Ina ganin akwai tsanani a nan.

Famasi_Bichi:
@MaiKemis_Hadejia, tausayin naka a wurinsa yake, amma ga inda abin ke ɓaci. Diyazifam yana kwantar da jiki a daren, sai dai yana dakushe koyon da ƙwaƙwalwa ke bukata don ta gane haɗarin ya wuce. Cikin makonni kaɗan jiki ya saba, guda ɗaya ta daina isa, in an tsaya kwatsam rashin barcin da fargabar su dawo fiye da da, wani har jijjiga. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da irin waɗannan ƙwayoyi don firgici ko rashin barci a watan farko bayan masifa. Kwana ukun nan kuma ba ya tsayawa a uku, don in ka hana shi zai je shago na gaba.

In magani ya zama dole, likita kan rubuta irin su satralin ko fulokzetin. Satralin ana fara shi da miligiram 25 zuwa 50 sau ɗaya a rana, a ƙara a hankali, iyakarsa 200. A gaya wa mutum tun farko cewa satin farko zai iya jin tashin zuciya ko rashin natsuwa, kuma amfanin ba ya fitowa sai sati huɗu zuwa shida. Rashin wannan bayanin ne ke sa a watsar da shi a kwana na goma a ce ba ya aiki. In ya karɓe shi, a ci gaba aƙalla wata shida zuwa shekara, a sauke a hankali. A tambaye shi ko yana shan taramol, don haɗa su na iya kawo zazzaɓi, ruɗewa da jijjiga. Amitriptilin ya fi arha kuma yana sa barci, amma in aka haɗiye da yawa yana tsayar da zuciya, don haka ba a damƙa wa mai tunanin kashe kansa na wata guda a hannu, a ba wani babba a gidan ya riƙe.

MaiKemis_Hadejia:
Na ji. To me zan ce masa a daren, in ba ƙwaya?

Nas_Gumel:
Ka zaunar da shi ka koya masa numfashi, minti biyar ya isa. Hannu ɗaya a ciki, ɗaya a ƙirji. Ya ja iska ta hanci yana ƙirga huɗu, cikin ne zai taso ba ƙirjin ba, ya sake ta a hankali ta baki yana ƙirga shida. Fitarwar ce ke da muhimmanci, domin tsawaita ta ne ke rage gudun zuciya. Kuskuren da ake yi shi ne a ce masa ja numfashi sosai, sai ya yi ta zuƙa da sauri, kai ya juya, yatsu da leɓe su yi tsami, ya ƙara tsorata. Ya riƙa yi safe da yamma lokacin da yake lafiya lau, bayan asuba da bayan isha'i, don ba a koyon sa a tsakiyar firgici. In ya farka da mafarki: ya kunna tocila, ya wanke fuska da ruwan randa, ya faɗi sunan garin da yake da ranar da ake ciki da baki, ya lissafa abu biyar da yake gani a ɗakin. Shayi mai kauri da goro su tsaya daga la'asar.

Saikolojis_Dutse:
Duk wannan yana rage zafi, amma tushen ciwon gudun da yake yi ne. Duk ranar da ya kauce wa gidan mai sai ya ji sauƙi nan take, ƙwaƙwalwa kuma ta rubuta cewa gudun ne ya cece shi. Haka da'irar ke ƙara matsewa: yau titi, gobe kasuwa, jibi ko ƙofar gida. Magungunan da suka fi ƙarfin hujja duk suna mayar da mutum ga abin ne a hankali, cikin aminci, har ɓangaren goshi ya koyi sabon darasi.

Ga yadda ake yi. Ku zauna da shi ku jera abubuwan da yake gudu, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon tsoron. Misali: kallon hoton tanka a waya, 3. Zama kusa da babur a kashe, 4. Tsayawa tsallaken titi yana kallon gidan mai, 6. Shiga a zuba wa babur mai yana tsaye, 8. Bin titin da abin ya faru a mota, 9. Sauka a wurin, 10. Shi zai jera, ba kai ba. A fara da mai maki 3 ko 4. Ya tsaya a kai minti 30 zuwa 45, ko har makin ya sauko rabi, kana tambayarsa duk minti biyar. Ya maimaita kullum har abin ya zama ba komai, sannan a hau na gaba. Cikakken shirin kan ɗauki zama 8 zuwa 15, sau ɗaya a mako, kuma a ciki har da ba da labarin abin daki-daki a gaban ƙwararre.

Inda ake ɓata shi: ya gudu daidai lokacin da tsoron ya kai ƙololuwa. Ko ya sha ƙwaya kafin ya fita, sai ya ce ƙwayar ce ta tsare shi. Ko 'yan uwa su ɗauke shi ba shiri su kai shi wurin wai don ya cire tsoro. Kuma ba a gwaji da abin da haɗari ne na gaske, kamar buɗaɗɗen fetur kusa da murhu. A sanar da shi cewa tsohon tsoron ba gogewa yake ba, sabon koyo ne ke danne shi, don haka zai iya leƙowa in ranar ta zagayo ko an ji labarin wata tankar. In ya leƙo, a koma matakin baya a sake hawa.

Likita_Kazaure:
Hajiya, ban ƙi ko ɗaya ba, amma ina tsoron a karanta wannan a je a fara ba horo. Jerin wuraren nan ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya taimakawa da shi. Tono labarin daki-daki kuwa a bar wa wanda aka horar. Kuma akwai waɗanda ba a fara musu ko ɗaya: mai tunanin kashe kansa, mai jin muryoyi, wanda ya nutse a shaye-shaye, da wanda har yanzu yana cikin haɗarin.

Saikolojis_Dutse:
Na yarda da waɗanda ka ware. Amma likita, in muka ce sai ƙwararre, mutumin Auyo ko Guri zai tsufa bai gan shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani shirin taimako ta hanyar tattaunawa mai suna PM+ daidai don haka: zama biyar, kowanne minti 90, mako-mako, wanda ba likita ba ke gudanarwa bayan gajeren horo, da mai duba aikinsa. Akwai kuma maganin ba da labari da masana daga jami'ar Konstanz ta Jamus suka ɓullo da shi, aka gwada a sansanin 'yan gudun hijira a Yuganda, inda mutanen sansanin da aka horar suka gudanar. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum, ya ɗora dutse a kan kowace masifa, fure a kan kowane abin farin ciki, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya a jere, ana tambayar ina ne, yaushe ne, me ya zo kafin, me ya biyo baya. Aikin hifokamfas ɗin da ka ce ƙarfinsa ya ragu ne ake ƙarasawa. Horo da sa ido muke bukata, ba jiran digiri ba.

Unguwarzoma_Jahun:
Ku yi haƙuri zan karkata kaɗan, don duk maganar maza ake. Macen da ta yi kwana biyu tana naƙuda, ɗan ya mutu, ta tashi da yoyon fitsari, ita ma wannan ciwo na kama ta, haka wadda aka yi wa fyaɗe. Alamarta a wurinmu: ta ƙi dawowa awo, ko a zo duba ta ta ƙanƙame ƙafafu, ko ta yi shiru ido a kafe kamar ba ta ɗakin. Wannan sandarewar aikin jiki ne, ba taurin kai ba, kuma ita ce amsar masu cewa me ya sa ba ta yi ihu ba. Kada a danne ta. A rufe ƙofa, a faɗa mata kowane mataki kafin a taɓa ta, a ba ta damar cewa a tsaya, in ta ce a tsaya a tsaya. In fyaɗe ne sabo, maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 yake, na hana ɗaukar ciki cikin awa 120, kada lallashi ya cinye lokacin.

Hedimasta_Bagwai:
Anti, yara ma haka. Bayan kifewar jirgin ruwan Bagwai a 2021, wanda yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne, duk malamin da ke yankin ya kamata ya san alamun. Yaro ba zai ce ina da fargaba ba. Fitsarin kwance zai dawo bayan ya daina, ya manne wa uwa, ya yi ta maimaita abin a wasan ƙasa, hadda ta zube. Bulala a kan fitsarin nan ƙara shi take. A mayar da shi makaranta da wuri, lokacin ci da kwanciya su daidaita, a amsa tambayarsa da gaskiya gwargwadon shekarunsa. Kada a ce wanda ya rasu ya yi tafiya ne, zai zauna jiransa.

Chew_Taura:
Na gode ƙwarai. Saura tambaya ɗaya: masu faɗuwa suna jijjiga in an ambaci gobarar, su ne aka fi cewa iska. Farfaɗiya ce?

Likita_Kazaure:
Tana iya zama, tana iya ƙin zama. Farfaɗiya yawanci ido a buɗe, minti ɗaya zuwa biyu, a ciji gefen harshe, a tashi a ruɗe da barci mai nauyi, kuma tana zuwa ko cikin barci. Faɗuwar firgici kuwa ido a runtse gam, tana daɗewa, ta lafa ta dawo, kai na juyawa gefe da gefe. Ba ƙarya mutum yake ba, ba kuma da gangan ba ne. Wani yana da duka biyun, don haka kada ka yanke hukunci kai kaɗai: a ɗauki bidiyo da waya in ta zo, a tafi da shi. A kwantar da shi a gefe, kada a cusa cokali a baki, a rage taro. Ka kuma tambaya ko ya bugu a ka ranar. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, yawan gyangyaɗi ko raunin gefe ɗaya bayan buguwa maganar gaggawa ce, wannan kam hoton kai yake so.

Nas_Gumel:
In za ka tura, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ga na Dawanau, ga sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano. A takardar ka rubuta abin da ya faru da watan da ya faru, alamun da tsawon lokacinsu, duk ƙwayar da ya sha har ta kemis da taramol, da amsar da ya ba ka a kan tunanin kashe kai. Ka yi masa tambayar kai tsaye, ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. In ya ce e, a kwashe fiya-fiya da maganin feshi da na ɓera daga gidan a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi da shi ba sai ranar kasuwa ba.

MalaminIslamiyya_Ringim:
Hajiya @Saikolojis_Dutse, in aka tara waɗanda abin ya shafa a zaure ɗaya bayan la'asar, kowa ya faɗi abin da ya gani, zai taimaka? Liman da dagaci za su iya kira.

Saikolojis_Dutse:
Allah ya gafarta malam, a tara su, amma kada a sa kowa ya faɗi abin da ya gani. An gwada zaman tono labari na sau ɗaya bayan masifa, bai hana ciwon ba, wasu ma ya ƙara musu, don kowa zai tashi da hotunan ɗan uwansa a kan nasa. A yi zaman a kan bayanin abin da ke faruwa a jiki, koyon numfashi, barci, da yadda za a koma gona da kasuwa. Mutum shida zuwa goma, maza daban mata daban, a yi alkawarin abin da aka faɗa ba zai fita ba. Wanda ya nuna yana son ba da labarinsa a ware masa lokaci shi kaɗai.

Likita_Kazaure:
Ni dai a zaman farko ina so a samu ma'aikacin lafiya a zauren, mai riƙe da sunayen waɗanda za a tura. Malam Chew, in dagaci ya sa rana ka sanar a nan.